Yadda Ake Zaman Jirgin Shaƙatawa a Hanyoyin Ruwan Ingila: Bayan Gida, Shara da Buɗe Gada

Duk wanda ya tsaya a bakin ruwa a unguwar Little Venice da ke Landan, ya ga dogayen jiragen nan masu fenti kore da ja suna wucewa a hankali, tukwanen furanni a kan rufinsu, hayaƙi yana fita ta bututun murhu, zai ɗauka babu komai a cikin wannan zama sai hutu. Hutun yana nan, amma abubuwa biyu ne suke raba wanda zai ji daɗin makonsa a kan ruwa da wanda zai sauka yana rantsuwar ba zai ƙara ba. Na farko shi ne yadda mutum yake rabuwa da abin da ya tara na bayan gida da shara, na biyu kuma yadda yake wuce gadojin da sai an buɗe su. Kamfanonin da ke ba da hayar jirgi sukan koya wa mutum tuƙi a cikin sa'a guda ko biyu, amma waɗannan abubuwa biyu akan ambace su ne a gurguje, alhali a kansu ne ake saɓani da maƙwabta a kan ruwa.

Sanin asalin hanyoyin yana sauƙaƙa fahimtar ƙa'idodinsu. Yawancinsu ba koguna ba ne, kanal ake kiransu, haƙa su aka yi da hannu domin jigilar kwal da sauran kaya masu nauyi, kuma doki ne yake jan jirgin da igiya yana tafiya a wata turba da ke gefen ruwan. Kanal ɗin Bridgewater, wadda aka buɗe a 1761 domin kai kwal daga Worsley zuwa Manchester, ita ce ta buɗe wannan babi, injiniyanta kuwa James Brindley. Saboda wuraren da ake ɗaga jirgi ko sauke shi daga tudu zuwa gangare, waɗanda ake kira lok, an gina su da faɗin ƙafa 7 kacal a tsakiyar ƙasar, jirgin da ake yi domin su faɗinsa ƙafa 6 da inci 10 ne, tsawonsa kuma yana iya kaiwa ƙafa 70. Jirgin ƙasa da motocin ɗaukar kaya sun kashe wannan kasuwa, gwamnati ta karɓi hanyoyin a 1948, wasu suka cike da ciyawa da laka, har sai da masu kishin su, musamman ƙungiyar Inland Waterways Association da aka kafa a 1946, suka yi ta fafutukar a farfaɗo da su. Tun 2012 hukumar Canal & River Trust ce take kula da kimanin mil 2,000 na waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales, kuma jirage sama da 30,000 ne suke da lasisinta. Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka haƙa hanyoyin ba su yi tanadin masai ko bola ga dubban masu hutu ba, gadojin kuma an tsara su ne domin jirgin da yake da doki a gaba da mutum fiye da ɗaya a cikinsa.

Mai ɗaukar haya ba ya buƙatar lasisin tuƙi, kuma takardun jirgin suna wuyan kamfanin. Wanda ya sayi nasa kuwa dole ne ya mallaki lasisin hukumar, da inshora, da takardar shaidar lafiyar jirgi wadda ake sabuntawa duk shekara 4. Tun watan Afrilu na 2019 an wajabta ƙararrawar da ke sanar da taruwar gubar hayaƙi a cikin jirgi. Idan ba shi da wurin ɗaure jirgi na dindindin, wata doka ta 1995 ta ba shi damar yawo, bisa sharaɗin kada ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya. Kafin a tashi kuma, a tabbatar akwai kayan aiki uku a cikin jirgin: ƙaramin mabuɗin hukumar wanda yake buɗe famfon ruwa da ɗakin zubar da bayan gida da gadoji masu wutar lantarki, da ƙarfen juyi mai siffar gwiwar hannu wanda ake buɗe ƙofofin lok da shi, da wani mabuɗi mai kama da na ankwa da ake cire makullan da aka sa saboda ɓarnar yara. A ɗaura wa ƙaramin mabuɗin wani abu mai yawo a saman ruwa, domin abin da ya faɗa kanal sai dai a yi masa addu'a.

Bayan gida

Masu jirage suna yi wa kansu ba'a cewa duk hirar da suka fara, a kan masai take ƙarewa, kuma bayan kwana uku a kan ruwa mutum zai gane dalili. Haramun ne a zubar da bayan gida a cikin kanal. Ruwan ba ya gudu kamar na kogi, kusan a tsaye yake, saboda haka abin da aka zuba yau zai kwana a gindin jirgin maƙwabci. Duk abin da ya shiga masai yana nan tare da kai har ka kai shi inda aka tanada.

Masai iri biyu ne suka fi yawa. Na farko shi ne mai ɗan tanki da ake zarowa daga ƙarƙashinsa a ɗauka da hannu, wanda suke kira kaset. Yakan ci lita 17 zuwa 20, kuma mutum biyu suna iya cika shi a cikin kwana biyu ko uku. A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye, wanda ma'aikacin kamfanin haya ba zai yi tunanin faɗa ba: lissafinsu na masu amfani da takarda ne, mu kuwa da buta muke shiga. Ruwan tsarki yana cika kaset da wuri ƙwarai, don haka iyalin da suke tsarki da ruwa su raba kwanakin da aka faɗa musu biyu, su nemi kaset na biyu a ajiye, su kuma riƙa amfani da banɗakunan bakin ruwa duk inda suka same su. Na biyu shi ne mai babban tanki da aka kafe a cikin jirgin, wanda yake ɗaukar ɗaruruwan lita, kuma ba a ɗaga shi sai dai a zuƙe da inji. Yawancin jiragen haya irin wannan ne da su. Ya fi rufin asiri, amma ana biyan kuɗi duk lokacin da za a zuƙe, kuma ranar da ya cika a wurin da babu inji, babu wata dabara.

Wurin juye kaset ana kiransa da sunan kamfanin Elsan, wanda ya yi suna wajen haɗa maganin masai, kuma taswirorin hanyoyin ruwa suna nuna shi da alama. Yawanci ɗan ƙaramin ɗaki ne na bulo, a cikinsa akwai babban baki kamar na masai, da famfo mai gajeren tiyo. Ga yadda ake yi. Kafin a zaro kaset a tabbatar an rufe murfin da ke tsakaninsa da mazaunin, a sa safar hannu ta roba, a ɗora shi a kan ɗan keken jan kaya idan wurin yana da nisa, domin cikakken kaset ya kusa kilo 20 kuma turbar tana da santsi idan an yi ruwa. A cikin ɗakin, a juyo bututun kaset ɗin waje, a kwance murfinsa a ajiye shi nesa da bakin ramin, domin murfin da ya faɗa ciki shi ne yake toshe wurin ga kowa. Sai a karkata bututun zuwa cikin bakin sosai, sa'an nan a danna ɗan maɓallin iska da ke saman kaset ɗin a riƙe shi. Wannan maɓalli shi ne sirrin aikin. Idan ba a danna shi ba, abin da ke ciki yana fitowa ne da shaƙuwa, ya tsaya ya sake ɓarkowa, kuma fantsamar ba ta tsayawa a kan takalmi kaɗai. Idan kuma aka danna shi tun kafin a karkata, ta nan zai ɓullo. Bayan an juye, a zuba ruwa a ciki, a rufe, a girgiza a hankali, a sake juyewa, a maimaita har ruwan ya fito fes. Daga nan a wanke bakin ramin da daɓen ɗakin, a kulle ƙofa.

Tiyon da ke cikin wannan ɗaki na wanke kaset ne kawai. Kada a cika tankin ruwan sha da shi, kada kuma a kawo tiyon ruwan sha kusa da kaset. Idan aka tarar da wurin ya toshe, ruwa ya taso har baki, kada a ƙara a kai da cewa ai ba ni na fara ba. A mayar da kaset jirgi, a sanar da hukumar ta lambar wayar da ke jikin allon wurin, a nufi na gaba. Wannan shi ne amfanin kaset na biyu.

Maganin da ake zubawa a kaset domin kashe wari shi ma yana da magana. Tsohon samfurin mai launin shuɗi yana da sinadari mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin halittar da suke narkar da najasa, kuma wasu wuraren juyewa a karkara ba su haɗe da babbar magudanar gari ba, ramin tara najasa ne da su wanda aikinsa ya dogara da waɗannan ƙwayoyin. Saboda haka mai launin kore ya fi dacewa, ko da yake a ganina bai kai shuɗin iya danne wari ba a tsakiyar bazara.

Mai babban tanki kuwa zai nemi injin zuƙa, ko a tashar jirage mai zaman kanta inda ma'aikaci zai yi masa, ko a na hukumar inda zai biya ya yi da kansa. Ana ɗaure jirgin yadda bakin tankin zai fuskanci gaɓa, a kwance murfin da aka rubuta wa alamar najasa (a duba da kyau, domin bakin dizal da na ruwan sha suna kama da shi), a cusa kan tiyon ya zauna daram, sa'an nan a kunna injin a buɗe bawul. Injin yana aiki ne da ƙayyadadden lokaci, don haka a shirya tiyon ɗauraya tun kafin a fara. Idan abin da ke wucewa ta ɗan gilashin tiyon ya ragu, a zuba ruwa a tankin, a ɗan girgiza jirgin da ƙafa domin abin da ya kwanta a ƙasa ya motsa, a sake zuƙa. A rufe bawul kafin a zare tiyon, ba bayan an zare ba. Kuma kada a jefa komai a irin wannan masai sai takarda mai saurin narkewa. Tsumman goge jariri da audugar mata da famfas suna kama haƙoran injin niƙa da ke cikinsa, kuma kamfanonin haya sukan caji mai haya kuɗin gyara.

Akwai iri na uku da ya yi farin jini a shekarun baya, wanda yake raba fitsari da bahaya, a busar da bahayar da garin katako ko ɓawon kwakwa. Masu shi sun saba ƙulle busasshen a leda su jefa a bolar hukumar, amma tun ƙarshen 2021 hukumar ta hana haka. Abin ba ya ruɓewa ya zama taki sai ya yi kusan shekara, saboda haka wannan masai ya dace ne da mai fili a tudu inda zai ajiye shi, ba mai yawo ba.

Ruwan wanka da na wanke-wanke da na alwala, a mafi yawan hanyoyin, yana fita ne kai tsaye ta jikin jirgin zuwa cikin kanal, kuma doka ba ta hana ba. Wannan ya ɗora wa mutum nauyin lura da abin da yake zubawa a kwatami. A goge man girki daga tukunya da takarda a jefa a shara kafin a wanke, a rage sabulu, a guji bilic. Ruwan da ke taruwa a ƙarƙashin inji daban ne, domin yakan gauraya da baƙin mai da dizal, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa yana shimfiɗa bakan gizo a kan ruwa mai faɗi. Ana sa wani soso na musamman da ke tsotse mai ya bar ruwa, baƙin man da aka canza kuma a zuba a jarka a kai cibiyar karɓar shara ta ƙaramar hukuma. Shi kansa ruwan kanal kada a kai shi baki ko hanci, ko da a alwala ne, saboda cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera, wadda take farawa kamar mura da zazzaɓi. Wanda ya faɗa ruwa ya yi wanka nan take, idan kuma zazzaɓi ya biyo baya ya gaya wa likita inda ya faɗa.

Bolar hukumar ta sharar gida ce ta yau da kullum. Tsohon batir, da katifa, da gwangwanin fenti, da tukunyar gas, da katakon da aka ɓalle wajen gyaran jirgi, duk ba nan ne wurinsu ba. Idan kwandunan sun cika, kada a jingina leda a gefensu, domin kafin gari ya waye dila da ɓeraye sun yaga ta, iska ta kwashe ledojin zuwa ruwa, kuma ledar da ta shiga ruwa a farfelar wani take ƙarewa. Wanda ya taɓa kashe inji, ya cire mabuɗinsa ya sa a aljihu, ya buɗe ƙofar da ke saman farfela ya tura hannu har kafaɗa cikin ruwan sanyi yana yanke leda da igiya, ba ya sake barin shara a sarari. Wuraren da aka mayar juji sau da yawa ƙarshensu rufewa ne, sai kowa ya ƙara tafiyar rabin yini da shararsa. Tokar murhu kuma a zuba ta a bokitin ƙarfe mai murfi a ajiye a waje, domin toka mai zafi tana ci gaba da fitar da gubar hayaƙi, kuma kada a juye ta a gindin shingen itatuwa. Idan ta huce sarai, a ƙulle ta a kai bola.

Gadoji

Mafi yawan gadojin a kafe suke, ƙananan bakuna ne na bulo, kowace da lambarta a jiki, kuma da waɗannan lambobi ake kwatance, a ce mun kwana tsakanin gada ta 34 da ta 35. A ƙarƙashinsu ruwan yana tsukewa har ya zama jirgi ɗaya ne kawai zai wuce. Ƙa'idar ita ce wanda ya fi kusa da gadar shi ne zai fara shiga, ɗayan ya rage gudu ya jira a inda zai bar masa hanyar fita. A kogi kuwa wanda ruwa yake turowa daga sama ake bai wa hanya, domin shi ne tsayawa take yi wa wuya. Jirgi ba shi da birki, sai dai a mayar da inji baya, kuma ƙarfe mai nauyin tan goma sha wani abu ba ya tsayawa nan take. Idan gadar tana kan kwana ba a ganin gaba, a yi doguwar oda guda ɗaya. A tuna kuma cewa ko da yake a titunan Birtaniya hagu ake bi, a kan ruwa dama ake bi. Wajen shiga, a sa ido a gefen da turbar doki take, a matsa kusa da ita har saura taƙi ɗaya ko biyu, ɗaya gefen zai kula da kansa. Mai lura zai ga zurfafan tsagogi a jikin ƙarfen da ke kusurwar wasu gadojin, igiyoyin dawakai ne suka ci su a tsawon shekaru.

Tsayin abin da ke kan rufi shi ne abin da baƙo yake mantawa. A san tsayin jirgin daga saman ruwa zuwa ƙololuwarsa, a sauke bututun murhu da kekuna da tukwanen furanni kafin gada mai ƙasa-ƙasa. Gadar Osney da ke Oxford a kan kogin Thames tsayinta daga ruwa ƙafa 7 da inci 6 ne kawai, ita ce ma take hana manyan jirage haurawa sama. A kogi wannan tazara tana raguwa bayan ruwan sama, shi ya sa ake kafa allon ma'auni mai launin kore da rawaya da ja a inda kanal take haɗuwa da kogi. Idan ruwa ya kai ja, a ɗaure jirgi a jira.

Gadojin da ake buɗewa iri biyu ne, masu juyawa gefe da masu ɗagawa sama. Kanal ɗin Leeds zuwa Liverpool, mai tsawon mil 127, tana cike da masu juyawa, haka ma kanal ɗin Kennet da Avon, masu ɗagawa kuma sun fi yawa a kanal ɗin Oxford da ta Llangollen. Tsarin aikin ɗaya ne. A tsaya a wurin saukar da aka tanada kafin gadar, a sauke mutum ɗaya da mabuɗi, matuƙi ya zauna a jirgi. Wanda ya sauka ya haye gadar, ya duba babu mai tafe a ƙafa ko a mota, ya cire makulli, ya jingina bayansa da dogon hannun gadar ya tura da ƙafafu, ba da ƙugu ba. Tashin farko ne mai wuya, bayan ta motsa kuma nauyinta yana tafiyar da ita, don haka a fara riƙe ta tun kafin ta kai ƙarshe, kada ta bugi madogararta. Matuƙi kada ya taso sai an buɗe ta gaba ɗaya an yi masa alama da hannu. Bayan ya wuce a mayar da ita, a kulle yadda aka same ta. Idan akwai wani jirgi a baya ko a gaba, ladabi shi ne a riƙe masa ya wuce, shi kuma zai rama a gada ta gaba.

Masu ɗagawa wasu da sarƙa ake jawo su, wasu da ƙarfen juyi ake naɗe su. Haɗarinsu biyu ne. Wadda ake ja da sarƙa tana iya saukowa a kan jirgi idan mai riƙe da ita ya saki, saboda haka babba ne zai zauna a kan hannunta har jirgin ya fita, ba yaro ba. Sa'an nan ko ta ɗagu ba ta miƙewa tsaye sosai, gefenta yana rataye a kan ruwa, kuma kusurwar rufin jirage da yawa ta lotse a nan. A bi ta gefen da ya fi nisa da gindinta.

Masu wutar lantarki su ne suke ɗauke da titin mota, kuma a nan ne mutum yake aiki idanun jama'a a kansa. Ana sa mabuɗin hukumar a akwatin sarrafawa a murɗa, a danna maɓallin buɗewa a riƙe shi har ƙarshe. Fitilu za su kama, ƙararrawa ta yi ƙara, shingaye su sauko, sa'an nan gadar ta motsa. A wasu wuraren shingayen da hannu ake rufe su. Akwatin ba ya sakin mabuɗi sai komai ya koma mazauninsa, kuma wannan na koye shi ne da jin kunya. A wata gada da ke bakin wani ƙauye, ƙanena ya rufe gadar bayan na wuce, ya buɗe shingaye, motoci suka fara tafiya, sai na ji yana kira: “Yaya, mabuɗin ya ƙi fita!” Ya murɗa hagu ya murɗa dama har na ji tsoron zai karye shi a ciki. Wata dattijuwa ta fito daga jirginta da kofin shayi a hannu, ba ta ce uffan ba, ta taka zuwa shingen da ke can ƙetare, ta tura shi da tafin hannu har ya ce ƙas. Mabuɗin ya fito kamar ba shi ne ya ƙi ba. Shingen bai gama shiga maƙalarsa ba ne da kamar faɗin yatsa. Tun daga ranar, kafin in zargi inji sai na zagaya na taɓa kowane shinge.

Kafin a danna maɓalli a bar motocin da suke kusa su wuce, kuma idan jirage sun yi jerin gwano kada a riƙe titi domin su duka, a rufe a sallami motoci a sake buɗewa. Wasu gadojin, kamar ta Aldermaston da ta Plank Lane kusa da Leigh, ba sa buɗuwa a lokutan da ma'aikata suke tafiya aiki da dawowa, kuma an rubuta sa'o'in a jikin allo. A Woolhampton akwai wani tarko da ya kamata mai haurawa ya sani: gadar tana dab da lok, kogin Kennet kuma yana shigowa da ƙarfi a tsakaninsu, babu wurin tsayawa. Sai an fara tura mutum ya shirya lok ɗin ya buɗe ƙofofinsa, sa'an nan a buɗe gadar, matuƙi ya taho da ƙarfin inji ya shige kai tsaye. A kanal ɗin Gloucester zuwa Sharpness kuwa ma'aikata ne suke buɗe gadojin, aikin matuƙi shi ne ya jira fitila ta zama kore, ko da yana ganin jirginsa zai iya wucewa.

Mai tafiya shi kaɗai yana da matsala ta musamman, kuma doki ne ya jawo masa. An kafa gindin gadoji masu juyawa a gefen da ba na turba ba domin kada su tare igiyar ja, saboda haka idan ya buɗe gadar, shi yana wannan ƙetare jirginsa yana wancan. Wasu sukan kai hancin jirgin ɗaya gefen su ɗaure a jikin abin da suka samu, su buɗe, su ja shi da igiya ya wuce. Hanya mafi sauƙi ita ce a jira wani jirgi a yi tafiya tare, ko a roƙi mai wucewa a ƙafa ya danna maɓalli, kuma da wuya a ƙi.

Zama da mutane

Iyakar gudu a kanal mil 4 ne a sa'a, saurin mai tafiya a ƙafa, kuma idan igiyar ruwan da jirgi ya tayar tana fashewa a gaɓa, gudun ya yi yawa ko da bai kai haka ba. Sannu ba ta hana zuwa. Wajen wuce jiragen da ke ɗaure a sauke inji zuwa mafi ƙarancin motsinsa tun da sauran tsawon jirgi biyu ko uku, domin ruwan da jirgi yake ja yana fizge turakun da aka kafa a gaɓa, ya kifar da tukunyar da ke kan wuta. Babu abin da yake sa a leƙo ta taga a yi wa mutum tsawa kamar wannan. Ba a kunna inji ko janareta a wurin kwana daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe. Ba a kwana a bakin famfo, ko a wurin saukar gada, ko a bakin lok, ko a faffaɗan wurin da jirage suke juyawa, ko da an iso da dare an ga babu kowa. Cika tankin ruwa yana iya cin rabin sa'a ko fiye idan famfon ba shi da ƙarfi, don haka a yi amfani da lokacin a juye kaset a zubar da shara, da tanki ya cika kuma a matsa, a ci abincin rana a gaba.

Mutanen kan ruwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu hayar mako guda, da 'yan fansho da suke yawo daga bazara zuwa kaka, da kuma waɗanda jirgin shi ne gidansu, musamman a Landan inda tsadar haya ta tura matasa da yawa kan ruwa, har jirage suna ɗaurewa biyu-biyu a jikin juna. Tsakaninsu akwai 'yar tsama a kan wurin ɗaurewa da dokar kwana 14, kuma kowane ɓangare yana da ƙungiyarsa, kamar Residential Boat Owners' Association da National Bargee Travellers Association. Baƙo bai kamata ya tsoma baki a wannan ba, amma ya sani cewa famfon da shi yake gani kayan hutu, ga wani shi ne ruwan gidansa. Idan za a ɗaura a jikin jirgin wani a nemi izini, a kuma taka ta gabansa ko ta bayansa, ban da leƙen taga. Labarin wane famfo ne ya lalace, wane wurin juyewa ne ya toshe, yana yawo ne daga baki zuwa baki a bakin lok, da kuma wurin masu jiragen da suke zagayawa suna sayar da dizal da kwal da gas, waɗanda wasunsu suna da injin zuƙa a cikin jirgin.

Wanda zai fita tsakanin Nuwamba da Maris ya duba jerin wuraren da hukumar take rufewa domin gyara kafin ya tsara hanyarsa, domin lok ɗaya ko gada ɗaya da aka rufe tana iya raba shi da wurin juyewa mafi kusa na makonni. A irin wannan lokaci famfunan bakin ruwa sukan daskare, kanal ɗin ma takan yi ƙanƙara ta riƙe jirgi a inda yake. Idan hasashen yanayi ya nuna sanyi mai tsanani yana tafe, a cika tankin ruwa, a juye kaset duka biyu, a sayi kwal, sa'an nan a ɗaure a wurin da za a iya kaiwa ga famfo da titi da ƙafa.